Ɗan Auduga da Ajiyar Sista Ngozi

Jiya ina jin ku, kuna zaune kan buhunan taki kuna cewa wai sana'ar fulawa ba ta da wuya, zuba ruwa ne safe da yamma, in mai mota ya tsaya a miƙa masa leda. Ɗayanku har da cewa da zai sami fili a bakin titi da shi ma ya zama oga cikin wata guda. Na yi shiru ne don bakina da goro. Yau kuma tunda kun sake tambayata abin da ya sa ba a sayar da tukwanen can na ƙarƙashin rumfa, alhali kullum sai an taya, bari in haɗa muku amsa biyu a wuri ɗaya.

Lokacin da na baro ƙauyenmu na shigo Kano soja ke mulki, ni kuwa ban san ana sayar da ganyen da ba a miya da shi ba. Da na aika gida cewa na kama sana'ar fulawa, mahaifina ya yi ta sa albarka, yana gaya wa mutane ɗansa ya zama ɗan kasuwa, shi ke sayar wa masu burodi gari. Sai da ya zo dubiya asibiti ya biyo ta Gyadi-Gyadi ya tarar da ni tsugune ina marmasa kashin shanu. Ya daɗe yana kallon ledojin da aka jera, sannan ya ce, "To Sale, wanne ake ci a cikinsu?" Na ce babu, Baba. Ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki sandarsa.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Garba Gadina, wani tsoho siriri mai saurin fushi da saurin hucewa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyara lambu a gidajen Turawa. Aikin farko da ya ba ni tankaɗe ne. Ƙasar tsohuwar bola za ka tankaɗe da rariyar waya, ka fitar da kwalba da ƙusa da leda, ka haɗa ta da yashi da kashin shanun da ya daɗe ya huce, don sabon kashi ƙone saiwa yake yi. Na yi watanni ina wannan kafin ya yarda na taɓa garwar ban-ruwa. Ranar da ya miƙa mini ita ma sai da ya kama ɗan yatsana ya tura shi cikin ƙasar wata leda, ya ce in gaya masa abin da na ji. Na ce sanyi. Ya ce, "To wuce ta. A garin nan fulawar da ruwa ya kashe ta fi wadda ƙishirwa ta kashe yawa."

Kayan aikinsa duka a cikin tsohuwar jakar buhu suke: almakashin yankan reshe, 'yar wuƙar da ya wasa har ta kusa ƙarewa, fartanya, igiya, da guntuwar tsintsiya. Amma abin da ya fi naci a kai shi ne juya ganye. Kowace safiya sai mu bi layi muna ɗaga ganye muna duba bayansa da hammatar reshe. Cewa yake mai saye fuskar ganye yake kallo, gadina kuwa bayansa, don ƙwaro ba ya zama inda za a gan shi. Na ƙi jinin aikin nan a lokacin, baya ya riƙe, ido ya yi yaji. Yanzu da ba ya nan, ba abin da nake kewa kamar muryarsa daga ƙarshen layi yana cewa na tsallake ɗaya. Da ƙafa ta gaza masa ya koma gidansa a unguwar Babban Giji ya zauna, ya bar mini filin da jakar.

Shekarar da aka mayar da mulki hannun farar hula ita ce shekarar da sana'ar nan ta yi mana dariya. Mutumin da kuke hawa bas tare jiya, yau ya zama kansila, gobe ya kewaye fili a Tarauni yana neman ciyawar kafet da itacen fam, mai kama da dabinon nan na ado. Ba su son ƙaramin dashe. Wani ya zo ya tsaya bai fito daga mota ba, ya ce in kai masa bishiyar da za ta yi inuwa kafin ranar Asabar, za a yi taro a gidansa. Na ce ranka ya daɗe, wannan sai dai rumfa. Duk da haka mun yi aiki, mun dasa, wasu sun rayu, wasu sun bi wa'adin masu su. Ban da su akwai masu saye na dindindin, yawancinsu mutanen Kudu da ke haya a Unguwar Gano da kewaye, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu shago. Su ba sa sayen babba. Tukunya ɗaya za su ɗauka su ajiye a baranda, amma za su dawo su gaya maka ta yi sabon ganye kamar suna ba ka labarin ɗa.

A cikin daminar wannan shekarar ne wata mata ta sauka daga acaɓa da farin kayan asibiti, rungume da kwano, a cikin kwanon kuma tukunyar ƙasa. Ta yi sallama da Hausa mai kyau, ta ce sunanta Ngozi, nas ce, amma kowa Sista yake ce mata. Abin da ke cikin tukunyar ban taɓa ganin irinsa ba. Ba shi da ganye irin na sauran, sai wasu gaɓoɓi masu faɗi kore shar, kowace ta fito daga bakin 'yar'uwarta, sun sunkuyo ta ko'ina kamar ƙafafun ƙaguwa. Gindinsa ya tsufa har ya zama itace.

Na ce, "Sista, wannan mene ne sunansa?"

Ta ce, "Kaktus ne. Na Kirsimeti ake ce masa, don lokacin yake fure."

Na ce, "Au, kyarana ce ashe. Ai mu shinge muke yi da ita a ƙauye."

Ta yi dariya ta ce, "Malam, suna ne kawai ya haɗa su. Wannan ɗan kurmi ne, a kan bishiya yake fitowa cikin inuwa. In ka sa shi a ranar Kano, kafin la'asar ka yi masa jana'iza."

Duk da haka sunan ya bi bakina, tun daga ranar nake ce masa kyaranar Sista. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Abin da ya kawo ta shi ne farin ƙwaron nan da mu 'yan lambu muke kira ɗan auduga. Kun san shi, ko da yake na lura kuna wuce shi kamar ba ku gani ba. Ba ya tashi, ba ya gudu, sai ya maƙale a mahaɗar gaɓa ya lulluɓe kansa da farin abu, yana tsotse ruwan shuka har ta yi laushi ta zube. Na miƙa hannu zan ɗauko maganin feshi, ta riƙe tukunyarta. Ta ce na mahaifiyarta ne, mahaifiyar kuma ta rasu, ba ta yarda a zuba masa abin da ba ta sani ba. Ta buɗe jaka ta fito da auduga da 'yar kwalbar sifirit, irin wanda suke goge fata da shi kafin allura. Ta karɓi tsinke ɗaya daga tsintsiyata, ta naɗa masa auduga a kai, ta tsoma, ta shiga bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta taɓa sai farin ya narke, ƙwaron ya fito ja-ja ya mutu. Hannunta ba ya rawa, ba ta kuma komawa wuri mai tsabta da audugar da ta yi datti. A wurinta na koyi wannan aikin, har yau kuma yadda ta yi nake yi.

Ta ce, "Ka gani, ina kashe su. Amma bayan mako biyu sai su dawo kamar ban yi komai ba. Daga ina suke zuwa?"

Wannan ba a amsa shi a bakin titi. Na ce sai na ga inda tukunyar take kwana. Ranar da ba ta da aiki na hau keke na je gidan da take haya a Unguwar Gano, ɗaki biyu da 'yar baranda, ita da 'ya'yanta, mijinta yana aiki a wani gari. Tukunyar tana kan dakali kusa da tagar kicin. Ban kalli shukar ba, bango na kalla. Ga kiyashi nan sun yi layi daga tagar, sun gangaro, sun hau ta gindin tukunya, wasu na hawa wasu na sauka. Na ce mata ga masu laifin. Ɗan auduga yana fitar da wani ruwa mai zaƙi, kiyashi kuma suna sha, saboda haka kiwonsa suke yi. Su ke ɗauko shi daga wata shuka su kawo, su ke tsare shi, in kin kashe na sama su kawo sabo. Malam Garba kan ce in shanu sun shiga gonarka kada ka tsaya faɗa da saniya, nemi makiyayi.

Muka ɗauke tukunyar daga jikin bango, muka ɗora ta kan ɗan teburi, kowace ƙafar teburin muka sa ta cikin gwangwanin madara da ruwa. Na bi layin kiyashin har raminsu na zuba toka. Shuwakar da maƙwabta suka dasa a bayan tagar, wadda ita ce rugar da ake ɗauko dabbobin, muka roƙa aka sare ta. Ita kuma Sista ta ci gaba da tsinke da auduga duk mako. Kafin ruwa ya ɗauke, gaɓoɓin sun yi tauri sun miƙe.

Da sanyi ya shigo ta aiko a kira ni. Na tarar kowane bakin gaɓa ya fitar da fure, ja mai haske, hawa-hawa, sun rataya ta ko'ina har ba ka ganin tukunyar. Ta ce sai dare ya yi tsawo da sanyi, kuma ba a kunna masa fitila, sannan yake yi. Na ce in dai duhu yake so ai ya zo garinsu, masu wuta ba za su ba shi kunya ba. A shekarar Kirsimeti cikin azumi ya faɗo. Ba ta aiko da abinci da rana ba, sai dab da magariba ga kwanon shinkafa da kaza ya iso Darmanawa inda nake zaune, da saƙon cewa Malam Inuwa mahauci ne ya yanka, a ci da kwanciyar hankali. Mai ɗakina Hajara ta mayar da kwanon cike da gyaɗar da take soyawa ta sayarwa. Haka zaman yake a lokacin, ba wanda ya ɗauke shi wani abin a-zo-a-gani.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekara. Ba sai na ba ku dogon labari ba, iyayenku sun sani. Gari ya ɗau zafi, labarin tashin hankali yana zuwa daga wasu garuruwa, kowa yana kwana da kunne ɗaya. Yau a ce gobe ne, gobe a ce jibi. Mutanen Kudu suka shiga ɗaure kaya, manyan motoci suna fita cike da katifu da yara. Masu sayen tukunya ɗaya suka ɓace, 'yan siyasa kuma hankalinsu ya koma wani wuri. Kamar abin bai isa ba, da zafi ya shigo ɗan auduga ya sauka a filin nan, ya bi layi-layi, sai da na ƙona kusan rabin kayana da hannuna. Na yi kwanaki ina zaune ba wanda ya rage gudun mota.

Cikin wannan hali ne wata safiya Sista ta sauka daga acaɓa, da kwanon nan da tukunyar nan, amma ba da farin kaya ba. Ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Malam Sale, za mu je gida da yara. Ajiya na kawo maka."

Na ce, "Sista, ba wanda zai taɓa ki a unguwar nan."

Ta ce, "Na sani. Amma yaran ba sa barci." Ta dafa tukunyar. "Ba sayar maka na yi ba, ba kuma kyauta ba ce. Ajiya ce."

Na ce, "Sai yaushe?"

Ta ce, "Sai gari ya huce."

Na ce Allah ya kai su lafiya, ya kuma ba ni ikon riƙe amana. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don na ji kunya a madadin garin da ba ma nawa ba ne.

Filin cike yake da ƙwaro, saboda haka na ɗaure tukunyar a bayan keke na kai ta gida. Na sama mata wuri a inuwar zaure, na yi mata gwangwanaye da ruwa, ina bin ta da tsinke. Hajara tana tsokanata wai na kawo baƙuwa mai gata, ita ko kujera ba a saya mata ba. To sai aka kira ni aikin shimfiɗa ciyawa a gidan wani ɗan majalisa a garinsu, nesa da Kano. A shekara irin wannan ba a ƙin aiki. Na ce wa Hajara ta kula da kyaranar Sista, na tafi, na yi kusan mako biyu.

Ruwan gwangwanayen ya ƙafe da zafi, kiyashi suka sami hanya, farin abu ya bayyana. Hajara ta gani, hankalinta ya tashi, ga amana ga maigida ba ya nan. Sai ta yi abin da kowace mace a Kano take yi wa katifar da kuɗin cizo ya kama: ta sayo fiya-fiya ta yayyafa masa sosai, ta fitar da shi tsakar gida ta shanya a rana. A ganinta kyarana ce, kyarana kuwa wa ya taɓa jin rana ta kashe ta? A ƙauyensu ko akuya ba ta iya mata komai. Kwana uku tana fitarwa da safe tana shigarwa da yamma.

Da na dawo na tarar gaɓoɓin sun yi ja sun yamushe, wasu sun zube, na sama sun ƙone kamar an gasa. Hajara tana tsaye da murfin tukunyar girki a hannu tana jiran in yaba. Da ta ga fuskata ta ajiye murfin. Ban yi faɗa ba, don da kyakkyawar niyya ta yi, garin neman gira aka rasa ido. Na kifa tukunyar na zare shukar. Nan na ga abin da ya fi fiya-fiyar muni: saiwar duk ta yi fari, ɗan auduga ya daɗe da shiga ƙasa inda tsinke ba ya kaiwa, gindin kuma ya ruɓe ya yi baƙi, in ka danna sai ruwa. Uwar dai ta tafi.

Na zauna na bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Can ta ƙasa, inda inuwar sauran ta kare su, na sami 'yan gaɓoɓi masu sauran tauri, ba su cika tafin hannu ba. Ba a yanka su da wuƙa, murɗawa ake yi a hankali daga mahaɗa har su rabu. Na goge kowace da sifirit gaba da baya, na shimfiɗa su a inuwa kan faifai har bakin ciwon ya bushe. Sauran da tsohuwar ƙasar na ƙona, tukunyar na wanke ta da ruwan zafi da sabulun salo. Matsalar da ta rage ita ce ƙasar dashe, don duk ƙasar da ke filina a shekarar ban yarda da ita ba. Ina cikin wannan tunani Hajara ta zo ta tsaya.

Ta ce, "Malam, ƙwaro yana rayuwa a cikin wuta?"

Na ce a'a.

Ta shiga ta fito da kaskon da take suyar gyaɗa, cike da yashin da ya sha wuta har ya yi baƙi-baƙi. Ta ce, "To ga wannan. In da abin da ya rage da rai a cikinsa, ni ban san shi ba." Muka wanke shi saboda gishiri, muka sake soya shi, ya huce, na haɗa da dakakken gawayi da ɗan ruɓaɓɓen buntun shinkafa wanda shi ma ya ga kasko. A ciki muka dasa su. Tun daga ranar ba na dasa ƙaramin abu mai daraja sai a soyayyen yashi, kuma duk gadinan da kuka ga yana yi a layin nan, daga kaskon Hajara ya samo.

Wani abokin sana'a da ya ji labari ya ce me zai sa in wahala, in sa direba ya taho mini da irinsa daga Jos, a sa a tsohuwar tukunyar, wa zai gane? Maganar ta tsaya mini a rai, don gaɓoɓin nan kullum na duba kamar ba za su yi ba. Na hau keke na tafi Babban Giji wurin Malam Garba. Na same shi kan tabarma a ƙofar gida, ido ya fara dushewa amma bakin yana nan. Na kwashe komai na gaya masa.

Ya ce, "In aka ba ka ajiyar akuya, ta mutu ta bar 'ya'ya, na wa ne 'ya'yan?"

Na ce na mai akuya.

Ya ce, "In ka je kasuwa ka sayo wata mai kama da ita fa?"

Na ce wannan tawa ce.

Ya ce, "To me ka zo tambaya? Ka yi kiwon 'ya'yan, in ta zo ka gaya mata gaskiya. Kuma ko ɗaya kada ka sayar, ba naka ba ne." Har na miƙe ya ƙara da cewa, "Ka dai juya ganye."

Biyu suka ruɓe, sauran suka kama. Ranar da na ga ɗan jan tsiro ƙarami kamar ƙwayar shinkafa a bakin gaɓa ɗaya, Hajara ta yi guɗa a hankali don kada maƙwabta su ɗauka haihuwa aka yi. Gari ya huce a hankali, wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba. Na je tsohon gidan Sista na tarar da wasu mutane. Na tambaya a asibiti aka ce ta nemi canjin wurin aiki. Shukar kuwa ba ruwanta, ta girma, ta cika tukunya, na raba, ta sake cika. Duk gaɓar da ta faɗi sai in dasa, don ba ni da ikon zubar da kayan wani. Na yi musu rumfar kaba a nan filin. Da sanyi in sun yi fure motoci har layi suke yi, Hajiyoyi suna cewa in faɗi ko nawa ne. In ce ajiya ce. Wata ta ce wace irin ajiya ce take haihuwa? Na ce irin ta akuya, Hajiya.

Sai bayan an sake yin wani zaɓen, har waɗanda na dasa wa fam sun sauka wasu sun hau, wata ranar sanyi ina tankaɗe na ji an ce, "Malam Sale, ana aiki?" Na ɗaga kai. Ta yi ƙiba kaɗan, furfura ta fito a gaban ɗankwali. Ta ce wani taron ma'aikatan jinya ya kawo ta, gobe za ta koma. Muka gaisa, ta tambayi Hajara da yara, na tambayi nata. Na kai ta rumfa. Tukwanen duk sun yi fure. Ta tsaya tana bin su da ido, na san tsohon gindin take nema.

Na ce, "Sista, wadda kika ba ni ta mutu a hannuna tun shekarar. Waɗannan 'ya'yanta ne da jikoki. Duka naki ne, ban sayar da ko ɗaya ba." Na gaya mata na fiya-fiya, da na rana, da na kaskon gyaɗa. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta zauna kan buhun taki, inda kuke zama yanzu, ta yi dariya har tana share ido.

Ta ce, "Malam, ai wadda na ba ka ma ba ita ce ta farko ba. Mama a Jos ta samo shi, a can aka haife ni. Da za mu gudu kafin yaƙin basasa, ina 'yar ƙarama, ba ta iya ɗaukar tukunya ba. Gaɓa biyu ta murɗe ta ƙulle a bakin zani. Da su muka isa gida. Shi haka yake tafiya."

Na ce, "To Sista, in haka ne, me ya hana ki murɗi gaɓa biyu ranar nan ki tafi da su? Da ba ki bar ni da fargaba shekara da shekaru ba."

Ta daɗe tana juya wata gaɓa da yatsa, tana duba bayanta, ko ita ma ba ta san tana yi ba.

Ta ce, "Mama da ta tafi da nata, ba ta bar komai a Arewa ba, ba ta kuma sake taka ta ba har ta mutu. Ni na bar tukunyar ne don in sami abin da zan dawo wa."

Na ce bari in nemo kwali a shirya mata su, in ya so a sa a mota. Ta ce a'a. Ta murɗi gaɓa biyu daga tsohuwar tukunyar, ta naɗe a hankici ta sa a jaka, ta miƙe tana kakkaɓe zani.

Na ce, "Sauran fa?"

Ta ce, "Ajiya."

Ta zo sau biyu bayan wannan. Yanzu an kwana biyu ban ji daga gare ta ba, ni ma kuma ƙafa ta fara yi mini irin ta Malam Garba. Saboda haka ku saurara. Duk wanda filin nan ya faɗa hannunsa a cikinku, ledojin nasa ne, jakar ma tasa ce, amma rumfar can ba ta cikin gado. In wata rana wani ya sauka ya ce shi ɗan Sista Ngozi ne ko jikanta, ku ba shi abin da ya nema, in ya bar saura ku ci gaba da riƙewa. Ga tsintsiya can, ga auduga da kwalba a cikin jaka. Gwangwanin ƙafar teburi na hagu tun jiya ba ruwa, na zuba ido in ga wanda zai lura a cikinku, ba wanda ya lura. Ku tashi.